Mun Kashe Shi

Shafi na 9

Na ga waɗanda suka riga suka yanke wa Obadiah hukunci a sharhin da ke ƙasan shafi na takwas, har da masu rantsuwa. To ku gyara zama, kuma kada ku tsallake layi.

*

Kwana shida ke nan magana ɗaya ce a bakin mutanen layin su Mama Asibi a Dutse Alhaji: Obadiah direba ya gudu da motar ogansa.

Mai kayan miya ta ce an gan shi a Maraɗi. Mai guga ya ce ba Maraɗi ba, Kamaru, har ya sake wa motar fenti. A bakin famfo kuwa an ƙara masa mace, wai wata fara mai zanen goshi ce a gidan gaba.

Mama Asibi ta yi shekara talatin da ɗaya tana tafinta a kotu kafin ta ajiye aiki, shi ya sa unguwa ke kiranta Mama Tafinta. Aikin ya bar mata hali guda: in aka ce "an gan shi", sai ta ce "wa ya gan shi?" Ta tambayi mai kayan miya, ta ce a wajen mai guga ta ji. Mai guga ya ce a bakin famfo ya ji. Na bakin famfo suka ce ai mai kayan miya ce ta faɗa.

Ranar Litinin da hantsi ta yafa mayafi ta tsallaka kwata zuwa ɗakin Prudence, matar Obadiah.

Ta same ta zaune a ƙasa, tsintsiya a hannu, amma ba shara take yi ba.

"Maman Kindness, kin ci wani abu?"

"Mama, abinci ba ya wucewa."

"To bar shi. Tashi ki nuna mini inda mijinki yake ajiye kayansa."

Prudence ta buɗe wata 'yar akwatin ƙarfe. Mama Asibi ta sa tabarau ta duba ɗaya bayan ɗaya. Katin ɗan ƙasa yana nan. Takardar makarantar Kindness tana nan. Abin shaƙarsa na asma guda biyu, sababbi, ko ledarsu ba a ɓare ba. A jikin ƙusa kuma rigar mawaƙan coci, a goge, tana jiran Lahadin da ta riga ta wuce.

"Mai asma zai tafi Kamaru ya bar wannan?"

"Haka na gaya wa oganshi. Ya ce in rufe masa baki, wai tare muka shirya."

"Me ya sa ya haƙiƙance Obadiah ne?"

"Saboda tiraka. Abin nan da ake ɓoyewa a mota yana nuna inda take. Ya ce tiraka ya mutu a Karshi ranar Talata, ƙarfe uku da minti goma. Ya ce sai wanda ya san inda aka sa shi ne zai iya cirewa." Prudence ta yi wata dariya mara daɗi. "Mama, Obadiah fa. Mutumin da ko ƙwan fitila ya mutu sai ya kai wa Farouk ɗinki."

Mama Asibi ta gyara mayafi. Umar Farouk autanta ne, mai gyaran wutar mota, irin waɗanda ake ce wa riwaya, shagonsa yana bakin titi.

"Ta app ɗin nan na kiran motar haya aka kira shi?"

"A'a, ya kashe app tun safe. Kin san tun da aka fara tsintar gawar direbobi ya rantse ba zai ƙara fita bayan gari da baƙon ido ba. Sai wanda lambarsa take cikin wayarsa."

"To wa ya kira shi?"

"Saƙo ne ya shigo. Yana sa takalmi a bakin ƙofar nan ya ce mini, 'Mama ta ce in kai baƙinta Karshi, zan dawo kafin la'asar.' Har na ce masa me ya sa kake wahalar ɗaure igiya, tunda kana shiga mota za ka cire na dama."

Mama Asibi ta san wannan. Shekara uku Obadiah yana kai ta asibiti ganin likitan ido, kullum sai ya tuɓe takalmin ƙafar dama ya tura ƙarƙashin kujera, wai ya fi jin birki da tafin ƙafa. Kullum sai ta yi masa faɗa, shi kuma ya ce, "Mama, ƙafar ma tana son shan iska."

"Wace Mama yake nufi?"

"Na ɗauka mamarshi ce ta gida. An kira ta, ta ce rabonta da shi tun Easter. Shi kuma kin san shi, duk mai furfura Mama ce. A wayarshi akwai Mama Coci, Mama Gwanjo, Mama Mai Masa, Mama Tafinta, sun kai bakwai."

"Ni dai ban aike shi ba."

"Haba Mama. Da ke ce ai da tun ranar kin faɗa." Prudence ta kama gefen zanenta. "Ɗan sandan da yake riƙe da kes ɗin ya ce takarda daga kamfanin waya za ta iso yau, mai nuna duk lambar da ta neme shi ranar. Ya ce in zo ƙarfe biyu. Ki raka ni, Mama. Ni in na ga yunifom bakina yana mutuwa. Ke kin san takarda."

"Zan raka ki. Ki biyo mini in lokaci ya yi."

*

Da ta koma gida ba ta cire mayafi ba. Ta zauna a bakin gado ta ɗauko wayarta daga ƙarƙashin filo, don kawai ta ga yaushe rabon da su yi magana da Obadiah.

Ta nemo sunansa. Ta buɗe.

Babu komai.

Ta goge tabarau da bakin mayafi ta sake dubawa. Shekara uku na "Mama ina ƙofa", da "Mama go slow ne a Kubwa", da hoton Kindness ranar da ta fara makaranta, duk babu. Ita kuwa Mama Asibi ba ta taɓa goge saƙo ba a rayuwarta. Har gaisuwar Juma'ar da ake turo wa kowa tana nan jibge.

Sai Talata ta dawo mata. Tana shan koko Farouk ya leƙo ya ce, "Umma, kawo wayar nan in duba miki bakin caji, na ga yana wasa." Ya fita da ita. Bai dawo da ita ba sai bayan azahar.

Bakin cajin bai taɓa wasa ba.

Ta duba agogon bango. Sha biyu da kwata. Ta kira shi.

"Auta, rufe shago ka zo."

"Umma, akwai mota a hannuna."

"Umar Farouk."

Ya ce ga shi nan zuwa. Rabon da ta kira shi da cikakken suna tun ranar da mahaifinsa ya rasu.

Ya shigo da baƙin mai a hannu, ya tsaya daga bakin ƙofa. Sai yanzu ta dube shi da idon kotu. Kwana shida tana zuba masa abinci yana mayar da kwano a rufe, ita tana cewa kewar matarsa ce da ta tafi Zariya wankan jego. Wuyansa ya zama siriri. Idonsa ba ya tsayawa wuri ɗaya.

"Rufe ƙofar. Zauna a nan inda zan gan ka."

Ya zauna a ƙasa.

Ta ajiye wayar a tsakaninsu, a buɗe, a kan sunan Obadiah.

"Ina saƙonnina?"

"Wataƙila wayar ce ta yi..."

"Na yi shekara talatin da ɗaya ina jin 'wataƙila'. Ƙarfe biyu kamfanin waya zai gaya wa 'yan sanda lambar da ta aika Obadiah Karshi. Ni ina so in ji kafin su ji. Lambar wa ce?"

Ya sunkuyar da kai. Fanka tana juyawa, babu mai jin iskarta.

"Taki ce, Umma."

Ta san amsar tun kafin ya faɗa. Ta dafe katifa.

"Wa ya rubuta?"

"Ni."

"Wa ya sa ka?"

"Kingsley. Wanda yake kawo mini motoci gyara daga Lugbe, mai zobe a babban yatsa. Kin taɓa ganinsa, har ya durƙusa ya gaishe ki."

"Na tuna shi. Ci gaba."

"Ya ce suna da mai son irin motar, kalarta da shekararta. Ya ce Obadiah ba ya ɗaukar baƙo, sai an bi ta hannun wanda ya yarda da shi. Wallahi Umma cewa ya yi za su sauke shi a hanya su bar shi ya tako da ƙafa. Motar ma ba tasa ba ce, ta ogansa ce, mutumin yana da wasu biyar. Ni aikina in je daga baya in cire tiraka, shi ke nan. Minti goma."

Ba ta tambaye shi abin da aka ba shi ba. Ba ta son ta ji kuɗin Obadiah da kunnenta.

"To ina Obadiah?"

"Ban sani ba. Sun ce sun sauke shi."

"Kwana shida yana takowa daga Karshi?"

"Wataƙila tsoron ogansa ne ya sa ya ɓuya."

"Ka sake ce mini wataƙila." Ta matso. "Auta, ka yi makaranta, ba jaki na haifa ba. Ka tura masa saƙo da lambata. A ce sun sauke shi da ransa, ya tako, ya iso unguwar nan. Ƙofar wa zai fara ƙwanƙwasawa?"

Ya kawar da ido.

"Ƙofar wa?"

"Taki."

"In ce masa me?"

"Kingsley ya ce sai a ce an yi wa layinki kutse."

"Shi Obadiah kuma ya ga fuskarsu tun daga Dutse har Karshi, da rana tsaka, ya san Kingsley a shagonka. Mutumin da ya zauna ya tsara wannan bai taɓa niyyar barin Obadiah ya dawo ba. Kai ba ka ga haka ba, ko ba ka so ka gani ba?"

Farouk ya laluba aljihu, ya fito da tasa wayar.

"Ki ji da kanki. Ban goge ba, don in nuna ban san komai ba. Wannan ne kawai ya turo mini."

Ya danna. Muryar Kingsley ta fito, da irin Hausar da ya koya a tasha, yana haki kaɗan:

"Farouk, mun kashe shi. Mota yana bayan tsohon gidan bulo kafin ka shiga Karshi. Ka zo da kayan aiki, yanzu yanzu."

Mama Asibi ta rufe ido.

"Sake sawa."

Ya sake.

"Umma, kin san Hausar Kingsley. Ba ki ji ba? 'Mota yana.' Komai a bakinsa 'shi' ne, mace ma 'shi' yake ce mata. Tiraka yake nufi. Sun kashe tiraka. Mu a wajen aiki haka muke magana, kashe wannan, kashe wancan, wannan ya mutu, tayar da shi. Kowa ya san haka."

"Ƙarfe nawa ya turo?"

Ya duba. "Ɗaya da rabi."

"Tiraka ya mutu ƙarfe uku da minti goma. Matarsa ta gaya mini yanzu."

Ya sake duba wayar.

"In sun kashe tiraka, kai me ka je yi?"

"Cire shi."

"Da ka je, a kashe ka same shi?"

"Umma..."

"A kashe ka same shi?"

"Fitilarsa tana ƙiftawa."

"To."

"To motar yake nufi. Sun kashe inji."

"Mutum zai kira ka daga Karshi yana haki don ya ba ka labarin ya murɗa makulli?" Muryarta ba ta tashi ba, sai ma ƙasa da ta yi. "Ni tafinta ce, Auta. In alƙali ya ce in juya masa wannan saƙon zuwa Turanci, kalma ɗaya zan zaɓa, ba biyu ba. Duk tafintan da za a kawo ma ita zai zaɓa. Kai ma ita ka zaɓa tun a ranar, shi ya sa ba ka iya haɗiye tuwo."

Sai ya fara kuka, irin na manya, ba sauti, kafaɗa kawai ke motsi.

Ta bar shi ya yi. Sha biyu da minti arba'in.

"Gaya mini abin da ka gani."

"Su biyu ne, shi da wani dogo da ban sani ba. Wandon Kingsley duk laka har gwiwa. Ta wajen wani kwalbati suka fito, a bayan gidan bulon. Kujerar direba a jiƙe take, an wanke ta da omo. Na ce ina Obadiah, ya ce, 'Yi aikinka, oga riwaya.'"

"Sai ka yi."

"Dogon yana tsaye a kaina. Na kwanta a ƙasan sitiyari zan zura hannu inda na ɗaura tirakan, don ni na ɗaura shi bara." Ya share hawaye. "Sai fuskata ta taɓa takalmi."

"Na dama."

Ya ɗago ya dube ta a tsorace.

"Na dama, Umma. Ƙafa ɗaya. Igiyarsa a kwance."

Mama Asibi ta ga Obadiah a idonta, yana juyowa daga gaba yana dariya, ƙafar ma tana son shan iska. Ta danne abin da ya taso mata. Ba yanzu ba.

"Sun riƙe makami?"

"Ban ga bindiga ba. Ban ga wuƙa ba."

"Ba abin da suka karɓa a hannunka da safe?"



"Kingsley ya ce in yanko masa waya, mai kauri, kamar kamu biyu. Wai but ɗin bayan motarsa ba ya rufuwa."

"Waya biyu ka ba su ke nan. Tawa da taka."

Ya rarrafo ya kama ƙafarta.

"Umma, ni ban taɓa shi ba. Ko wurin ba na nan, ina shago, mutum goma za su shaida. Kowa ya san wanda bai sa hannu ba ba a kama shi da kisa. In ya yi tsanani a ce na taɓa kayan sata, shekara biyu ko uku. Na tambaya."

"Wa ka tambaya?"

"Haka ake faɗa."

"A bakin famfo?"

Ta zare ƙafarta a hankali.

"Bari in gaya maka abin da na gani da idona, ba wanda ake faɗa ba. Ina da shekara tara a aiki aka kawo mutum huɗu a kan motar haya da direbanta. Uku su suka tare hanya. Na huɗun ɗan kamasho ne a tasha, abin da ya yi kawai ya nuna musu motar ya ce wannan direban shi kaɗai yake dawowa. Lokacin da ake kashe direban shi yana wajen ɗaurin aure, har hoto aka kawo kotu, ga shi nan da babbar riga yana dariya. Alƙali ya karanta hukunci, ni na juya musu da Hausa. Su huɗun duka, rataya."

Farouk ya daina motsi.

"Ɗan kamashon ya dube ni ya ce, 'Hajiya, ki sake gaya masa, ba ki fassara daidai ba. Ki ce masa ina wajen biki.' Har aka fita da shi yana waiwayena." Ta cire tabarau. "Daidai na fassara. Kotu ba ta tsaya a kan hannun wa ba, ta tambayi da wa da wa aka ƙulla. In kun haɗa kai a kan fashi, aka kashe mutum a cikin fashin nan, to kowa sai ya amsa. Da a ce mota kawai aka kawo maka shago ka cire tiraka ba ka san komai ba, da da sauƙi. Kai ka kira shi. Kai ka ba da waya. Kai ka ɓatar da sawu."

"To ki ce wayarki ta ɓata ranar. Mu karya layin mu jefa a masai. Wa zai ce tsohuwa kamarki..."

"Layin da sunana aka yi masa rajista, da hotona, da zanen yatsana. Ranar Talata da la'asar na kira yayarka da shi muka yi minti arba'in. Wayar da ta ɓata da safe ta dawo da la'asar?" Ta dube shi. "Kuma in na yi maka wannan ƙaryar, ni ma na shiga cikinku. Ka sa sunana a bakin mamaci, yanzu kana so ka sa ni a akwatin masu laifi ina da shekara saba'in da ɗaya."

"Kingsley ya ce in na buɗe baki ya san gidan nan. Ya ce ya san ɗakin da kike kwana. Jiya ma ya wuce ta gaban shago sau biyu, bai tsaya ba, ya dai ɗaga mini hannu."

Wannan ya shige ta. Ta dubi tagar da ko ƙarfe babu, labule kawai. Ta tuna yadda mutumin ya durƙusa har ƙasa yana cewa Mama ina wuni, zoben yana ƙyalli.

Ƙarfe ɗaya da kwata.

"Saurara. Hanya ɗaya na sani. Ka je da ƙafarka kafin a karanta takardar nan. Zan kira lauya, akwai waɗanda suka san ni har yanzu. Ba za ka sa hannu a kan komai ba sai yana wurin. Ka ba su saƙon nan, ka ba su sunan Kingsley, ka kai su kwalbatin. Wanda ya kawo kansa daban yake da wanda aka kamo."

"Zai cece ni?"

Ta so ta ce e. Ɗanta ne, jaririnsa ko wata ɗaya bai cika ba, sau ɗaya ya ɗauke shi.

"Ban sani ba. Na ga wanda hakan ya taimaka, na ga wanda bai taimaka ba."

"In na gudu fa?"

"In ka gudu ni za su ɗauka yau, don lambata ce a takarda. Kingsley kuma zai neme ka ya fi 'yan sanda nema, tunda kai kaɗai ka gan shi a wurin."

"Umma, rataya fa kika ce."

"Na ce."

Ya miƙe, ya koma ya zauna, ya sake miƙewa. Idonsa ya je kan ƙofar baya, wadda take fita lungun masu wanki. Ta ga ya duba. Shi ma ya ga ta gani.

Ta ɗauki wayarta tana neman lambar lauyan. Ba ta kai ga dannawa ba aka buga ƙofar gaba.

Sau uku, a hankali.

Farouk ya manne da bango.

"Mama? Ni ce, Maman Kindness."

Aka sake bugawa.

"Mama, ɗan sandan ya kira, wai takardar ta iso da wuri. Na tsayar da keke yana jira a bakin layi."

Farouk ya haɗa hannuwansa biyu a ƙirji yana girgiza kai, leɓensa yana cewa Umma, Umma, babu murya.

Mama Asibi ta tashi. Ta saki labulen tsakar ɗaki a bayanta, ta taka zuwa ƙofa, ta buɗe.

Prudence ta yi wanka ta sa kayan zuwa coci, ta goya Kindness duk da ta wuce goyo. A hannunta akwai leda, ta ɗaga ta tana ɗan murmushin kunya.

"Na ɗauko masa abin shaƙarsa. In sun gano inda yake, kada ya zama babu a kusa."

A can bayan labule Mama Asibi ta ji ana zare sakatar ƙofar baya, a hankali, a hankali.

Ba ta waiwaya ba.

"Mama, lafiya? Fuskarki ta canza."

"Sauke yarinyar nan ki zauna."

"Keke yana..."

"Prudence, mijinki bai gudu da mota ba. An kashe shi a hanyar Karshi ranar Talata. Da wayata aka kira shi, ɗana ne ya rubuta saƙon."